Aiki, Gida, Sujada da Hutu: Kowa a Ba Shi Haƙƙinsa

 

Ina gaida mutanen Nima. Ina gaida mutanen Mamobi da na New Town. Kotobabi, Kanda, Alajo, Sabon Zango, Fadama, har Madina, duk inda muryar nan ta kai a Ankara, babban birnin Gana, gaisuwa ta isa. Mai shagon da bai rufe ba tukuna, sannu da kasuwa. Direban trotro da ya maƙale a cunkoson Circle, sannu da haƙuri. Mama da ke gaban murhu, goyo a baya, muciya a hannu, sannu da aiki.

Yau maganarmu a kan daidaita rayuwa ce. Me ake nufi da daidaita rayuwa? Abin nufi shi ne, duk mai haƙƙi a kanka ya sami haƙƙinsa, kada wani ya cinye rabon wani. Aiki yana da haƙƙi. Gida yana da haƙƙi. Sujada tana da haƙƙi. Jikinka ma yana da nasa.

Za mu dubi maganar ta fuskar bangaskiyar Kirista, domin da masu bi mazauna Zango nake magana. Amma maƙwabtanmu Musulmi, kada ku juya tasha. Gida ɗaya muke haya, famfo ɗaya muke bin layi, gajiyar ma iri ɗaya ce.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, inda lokacinmu yake tafiya. Na biyu, hutu. Na uku, idan hidimar ikilisiya ta yi yawa. Na huɗu, jama'a. Na biyar, maƙwabta. Daga ƙarshe zan bar ku da aikin gida. Ku gyara zama.

Kashi na farko. Ina lokacinmu yake tafiya?

Mu ɗauki misalin wata 'yar'uwa mai sayar da waakye a bakin titin New Town. Ba sai na sa mata suna ba, kowa ya san irinta.

Ƙarfe uku na dare ta tashi. Ta hura wuta, ta ɗora wake da karan dafi. Ruwa ya yi ja, ta zuba shinkafa. Gefe guda ga shito a kan wuta, ga ganda, ga taliya, ga ƙwai. Kafin ladan ya kira sallar asuba ta ci rabin aiki. Ƙarfe shida mutane sun yi layi: ma'aikata, 'yan makaranta, yaran mota. Tana tsaye har rana ta take, tukunya ta ƙare. Daga nan sai kasuwar Malam Atta, sayen kayan gobe. In Laraba ce sai Nima, don ranar ce kasuwarta ke ci. Ta dawo, ta wanke tukwane, ta tuƙa wa yara tuwo.

To, yamma ta yi. Za ta huta? Ina! Litinin zumuntar mata. Talata koyon waƙa. Laraba nazarin Littafi Mai Tsarki. Juma'a addu'ar kwana, har gari ya waye. Asabar jana'iza, ga ɗinkin sabon zane, ga gudummawa. Lahadi sujada tun safe har rana ta karkata.

Ana cikin haka sai waya ta buga. Daga gida ne, Bolga, ko Bawku, ko Wa. "Yaya, kuɗin makarantar ƙaninki." Ba ta gama da wannan ba, mai gidan haya ya aiko: wa'adi ya kusa, kuma na shekara biyu yake so a dunƙule. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma kowa ya san yadda ake yi a unguwa.

Yanzu ga tambaya. A makon nan, yaushe ta zauna da 'yarta ta ji abin da ke damunta? Yaushe ta je aka auna mata jini? Yaushe ta yi barci ya ishe ta?

Wannan baiwar Allah ba raguwa ba ce. Ba mai wasa da addini ba ce. Abin da ke faruwa shi ne, wanda ya fi ɗaga murya shi take fara sallama. Mai gidan haya yana da murya. Waya tana da murya. Sanarwar coci har da lasifika. Amma jiki ba ya magana sai ya kwantar da kai. Yaro ba ya magana sai ya bi 'yan banza. Aure ba ya magana sai an kira dattawa.

Ku riƙe wannan: mai haƙƙin da ya yi shiru, shi aka fi zalunta. Bari in maimaita. Mai haƙƙin da ya yi shiru, shi aka fi zalunta.

Maza, kada ku ce ba da ku ake ba. Tela yana kwana a kan keke in salla ko Kirsimeti ta gabato. Direba ya fita tun huɗu na asuba, sai goman dare. Mai gadi ya gama aikin dare ya zarce na rana. 'Ya'yansu sun fi sanin muryarsu a waya da zamansu a gida.

Mu shiga kashi na biyu. Hutu.

Da yawa daga cikinmu, in muka zauna sai zuciya ta fara tsungulinmu: tashi, kasuwa na wucewa. Muna jin kunyar hutu. Amma a Littafi Mai Tsarki hutu yana cikin Dokoki Goma. Ku duba Littafin Fitowa, sura 20. Kwana shida na aiki ne, na bakwai na hutu. Dokar kuma ba ta tsaya a kan maigida ba. Ta haɗa da 'ya'ya, da barori, da baƙon da ke zaune da ku, har da dabbobi. Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 5, ya ƙara da dalili: mutanen nan sun taɓa yin bauta a Masar. Bawa ne ba shi da ranar hutu. Wanda Allah ya 'yanta, ya kamata a ga alamar 'yanci a makonsa.

Wannan ya shafi yarinyar da kika ɗauko daga ƙauye tana yi miki aiki. Ya shafi yaron da ke koyon ɗinki ko kanikanci a hannunka. In kika tafi sujada kika bar ta da wanki tun safe har dare, ba ki kiyaye ranar ba tukuna.

Ku tuna labarin manna, a Fitowa sura 16. Manna ita ce abincin da Allah ya ciyar da Isra'ilawa da shi a jeji. An ce kowa ya ɗebi na yini ɗaya. Waɗansu suka ƙi ji, suka ɓoye na gobe. Da gari ya waye, ta yi tsutsa, tana wari. Rana ta shida aka ba su ninki biyu. Rana ta bakwai waɗansu suka fita nema duk da haka, ba su sami komai ba. Me ya fitar da su? Tsoro. Tsoron cewa in na tsaya, ba mai riƙe ni. Hutun mai bi amsa ce ga wannan tsoro. Na yi iyakar ƙoƙarina, saura na Allah ne.

Ku tuna annabi Iliya kuma, a Littafin Sarakuna na Farko, sura 19. Babban annabi, ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya gaji, ya zauna a gindin wani itace, har ya roƙi mutuwa. Me aka fara yi masa? Ba wa'azi aka yi masa ba. Ba a ce ya ƙara azumi ba. An bar shi ya yi barci. An tashe shi aka ba shi gurasa da ruwa. Ya sake kwanciya. Aka sake ba shi abinci. Sai daga baya magana ta zo. Barci, abinci, sa'an nan magana.

Yesu Almasihu ma haka ya yi da almajiransa. A Markus sura 6, jama'a sun yi yawa har almajirai ba su sami damar cin abinci ba. Sai ya janye su gefe, ya ce su huta. Marasa lafiya ba su ƙare ba. Masu bukata ba su ƙare ba. Duk da haka ya janye su.

Dokar ƙasa ma ta san wannan. Dokar ƙwadago ta Gana, ta shekarar 2003, ta sa awa 8 a rana, awa 40 a mako, da hutun shekara na kwana 15 na aiki da albashi. In kana aikin albashi, ka san haƙƙinka.

Na san wani yana cewa a ransa, "Mai gabatarwa, kai dai faɗa kake. Ni in ban fita ba, ba za a ɗora tukunya ba." Gaskiyarka. Yawancinmu a Zango na yau ake nema a ci yau. Ba zan ce ka rufe shago kwana guda cur ba, in ba za ka iya ba. Fara da abin da za ka iya. Yammacin Lahadi kaɗai. Ko awa biyu. Ka kashe waya, ka kwanta, ka ci abinci a zaune tare da iyali. Likitoci suna cewa babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. In naka huɗu ne, ƙara ɗaya ma ci gaba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga wani abu da muke gani kowace shekara. Kafin bikin Homowo, masarautar Ga takan hana kiɗa da hayaniya har kusan wata guda, galibi daga watan Mayu. A ƙarshen shekarun 1990 wannan ya jawo rigima da waɗansu majami'u. Yau yawanci ana bi lafiya. Ga abin lura: a watan nan ana sujada ba ganga, ba lasifika a waje, kuma addu'a ba ta ragu ba. Mutum yana jin muryar na kusa da shi. Ashe shiru ma yana da wurinsa a ibada.

Abin riƙewa a wannan kashi: hutu umarni ne, ba lalaci ba. Hutu umarni ne, ba lalaci ba.

Yanzu kashi na uku. Wannan yana da ɗan ɗaci, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan hidimar ikilisiya ta yi yawa fa?

Zuwa coci abu ne mai kyau. Waƙa, addu'a, nazari, duka masu kyau ne. Amma mutum yana iya cika makonsa da taron coci har ya rasa lokacin zama da Ubangijin da yake bauta wa. Ku tuna Marta da Maryamu, a Luka sura 10. Yesu ya sauka a gidansu. Marta tana ta kai da kawowa da girki, har ranta ya ɓaci. Maryamu ta zauna tana sauraro. Yesu bai ce girki laifi ne ba. Damuwar da ta cika zuciyar Marta ita ya nuna mata. Mata masu zumunta, ku da kuke dafa abincin kowane taro, kuna wanke kwanuka ana wa'azi, wannan labari naku ne.

Maganar addu'ar kwana kuma. A Ayyukan Manzanni sura 20, manzo Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare. Wani saurayi yana zaune a taga, barci ya kwashe shi, ya faɗo daga hawa na uku. Allah ya yi jinƙai, ya tashi da rai. Amma ku lura, ko a gaban Bulus, barci bai bar haƙƙinsa ba. Direba, in ka kwana a coci ran Juma'a, ka riƙe sitiyari da asubar Asabar, rayukan mutane ne a bayanka. Ka zaɓi ɗaya.

Iyayenmu fastoci, da Fada, da katikis, da dattawan ikilisiya, ina roƙonku da girmamawa. Ku dubi jadawalin mako. Shin akwai dare biyu ko uku da aka bar wa iyali? Kada a auna bangaskiyar mutum da yawan tarukan da ya halarta. Ku ma kuna da mata da 'ya'ya, ko jikin da ke gajiya. Hutun nan har da ku.

Sai maganar kuɗi. Baiko da zakkar ikilisiya ibada ce. Da su ake biyan wuta, ake riƙe ma'aikata, ake taimakon gwauraye. Amma Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa kyauta ta fito daga zuciya, ba da tilas ba. Ya kuma gaya wa Timoti cewa kula da mutanen gida wajibi ne a kan mai bi. A Markus sura 7, Yesu ya tsauta wa masu hana iyayensu taimako da hujjar sun keɓe kuɗin ga Allah. Saboda haka, in wani ya ce ki kawo jarin sana'arki, ko kuɗin makarantar yara, wai za a ninka miki cikin kwana bakwai, ki tsaya. Ki koma gida ki yi shawara. Kada ki ci bashi don ki yi baiko. Kada ki ci bashi don zanen jana'iza.

Na ƙarshe a wannan kashi, addu'a da asibiti. Ba kishiyoyi ba ne. Luka da ya rubuta bishara likita ne. Hawan jini yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba, sai an auna ake sani. Asibitin Mamobi yana kusa da mu. Katin inshorar lafiya, wato tsarin da aka kafa a 2003 don rage wa mutum kuɗin magani, ana sabunta shi ta waya. In an sa ka a kan magani, ka ci gaba da sha, kana addu'a. Kada ka daina sai likita ya ce.

Haka ciwon damuwa. Mutum ya daina jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa jin gara ya mutu. Wannan ciwo ne, ba ƙarancin bangaskiya ba. Iliya ma ya shiga wannan hali. Gana tana da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, akwai kuma ma'aikatan da aka horar a kan haka. A yi masa addu'a, a raka shi asibiti. Kada a ɗaure shi, kada a ɓoye shi. Lafiya uwar jiki.

Kashi na huɗu. Jama'a. Nan ne zuciyar maganarmu.

Ku je kasuwar Nima ran Laraba, ku tsaya ku kalli 'yan matan nan masu dako, kayayei. Yarinya ta naɗa gammo, ta durƙusa. Buhun albasa yana cikin faranti. Ba ta iya ɗora wa kanta. Sai wani ya kama gefe, su ɗaga tare. Ta yi tafiya, wuya a miƙe, ido yana duban ƙasa. Ta iso inda za ta. Kun lura? Ba ta iya saukewa ita kaɗai. Tsayawa take yi, ta ce, "Anti, sauke ni." In ba wanda ya kama mata, haka za ta tsaya da kayan a ka, ko ta yar su fashe.

Haka rayuwarmu take. Kaya mai nauyi, mai ɗauke da shi ba ya sauke wa kansa. Shi ya sa shawarar "ka tsara lokacinka" ba ta isa ba. Mai waakyen nan ba za ta huta ba sai wani ya tsaya mata a kan tukunya. Mai jinyar tsohuwa ba za ta yi barci ba sai wata ta karɓe ta dare ɗaya.

Annabi Musa ma sai da aka gaya masa. A Fitowa sura 18, yana zaune yana shari'a tun safe har yamma, shi kaɗai. Surukinsa Yetro ya duba, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni: na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. Musa ya ji. Babban mutum, ya karɓi gyara daga surukinsa.

A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, ikilisiya ta farko ta sami matsala. Gwauraye masu jin Helenanci ana mantawa da su wajen rabon abinci. Bambancin harshe ne ya kawo haka. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba. An zaɓi mutum bakwai aka ba su aikin. Ku dubi majami'unmu na Zango, irin su Saint Kizito a Nima. A benci ɗaya za ka ga mai jin Frafra, mai jin Dagare, mai jin Ewe, mai jin Twi, mai jin Ga, da wanda Hausa kaɗai ke haɗa ku. Wa ake mantawa da shi in an yi sanarwa da harshe ɗaya? Wa ya kwanta ciwo ba a sani ba, don ba shi da ɗan garinsu a kwamiti?

Tarihi ya bar mana dabaru biyu da aka gwada suka yi aiki.

Ta farko, ƙaramin rukuni. A 1742, a garin Bristol na Ingila, mabiyan John Wesley suna da bashin ginin ɗakin taro. Sai suka raba kansu rukuni-rukuni, kamar mutum goma sha biyu, kowa yana ba da kwabo ɗaya a mako. Masu zagayawa karɓar kwabon suka fara ganin halin da mutane ke ciki: wannan ba lafiya, wancan rigima a gida. Daga nan rukunin ya zama wurin tambayar lafiyar rai. Ɗariƙarsu ta Methodist ta iso Cape Coast a 1835, kuma har yau tana da wannan tsari na aji. Katolika suna da ƙananan ƙungiyoyin unguwa. Majami'un Fentikos suna da taron gida. Suna ya bambanta, aikin ɗaya ne. A taron mutum ɗari biyar za ka iya ɓacewa wata uku ba a lura ba. A taron mutum goma, mako ɗaya za a ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Ta biyu, asusun haɗin kai. A 1955, a Jirapa, can arewa maso yammacin ƙasar nan, Fada John McNulty ya kafa ƙungiyar ajiya da rance, wadda ake lissafa ta a matsayin ta farko irinta a Afirka. Yadda take aiki shi ne, membobi suna ajiye kaɗan-kaɗan, mai bukata ya ranta da ruwa mai sauƙi, asusun kuma nasu ne gaba ɗaya. 'Yar'uwar adashi ce, wato susu, sai dai tana da littafi da rajista. Yau majami'u da yawa a Ankara suna da irinta. Kuɗin hayar da ke hana ka barci, in ka fara tara shi tun yau, sidi biyar, sidi goma, ranar biya ba za ta zo maka da firgita ba. Amma ka tabbata ƙungiyar tana da rajista, kuma ana karanta lissafi a gaban kowa.

Zumunta a ƙafa take. Saƙon WhatsApp ba ya wanke wa mai jego kaya. Kuma zumunta hannu biyu gare ta, bayarwa da karɓa. Waɗansunmu mun iya taimako, amma ba mu iya cewa "ku taimake ni" ba. Muna cewa "lafiya lau" alhali muna nutsewa. Faɗin gaskiya ga ɗan'uwa amintacce ba zubar da mutunci ba ne.

Abin riƙewa: kada ka ɗauka kai kaɗai. Kada ki ɗauka ke kaɗai.

Kashi na biyar, kuma gajere. Maƙwabta.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana Kirista ne, kusan kashi 20 Musulmi. A Nima da Mamobi lissafin ya juya, Musulmi suka fi yawa. Wato jama'ar da ke riƙe mai bi a Zango ba ta tsaya a ƙofar coci ba. Yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ba fasto ne zai fara zuwa ba. Hajiya ce ta ɗakin kusa. Ruwan sama ya cika babban kwalbatin Nima, ba a tambayar addini kafin a kama kwashe kaya. Da salla nama yana shigowa ɗakinka. Da Kirsimeti shinkafarki tana shiga ɗakinsu.

Manyanmu sun nuna hanya. A watan Afrilun 2019, ranar Ista, Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya je Cocin Christ the King ya zauna tare da Fada Andrew Campbell da jama'arsa. Bai bar addininsa ba, su ma ba su bar nasu ba. Gaisuwa ce da girmamawa.

To, mu kiyaye haƙƙin maƙwabci. Barcinsa ma haƙƙi ne. In lasifikar cocinmu tana hana jariri da mara lafiya barci har asuba, mu rage. Wanda ke neman kwanciyar rai, kada ya hana maƙwabcinsa kwanciya.

Jama'a, lokaci ya kusa cika. Ga aikin gida, guda huɗu, kafin mu sake saduwa.

Na ɗaya. Ka samu takarda, ka ja layi huɗu: aiki, gida, sujada, jiki. Kowane dare ka sa alama a wanda ya sami rabonsa. In ba ka rubutu, ka sa yaro ya rubuta maka. Ƙarshen mako ka duba wanne ne ba shi da alama. Shi ne mai haƙƙin da ya yi shiru.

Na biyu. Ka ware lokacin hutu, ko awa biyu ne. Ka faɗa wa iyali tun yau, don su riƙe ka da maganarka. Yaran aiki da masu koyon sana'a, a ba su nasu.

Na uku. Taro ɗaya a makon nan, wanda ba dole ba, ka ba da haƙuri. Ka ce, "Baba, a gafarce ni, yau na gida ne." Ka zauna da 'ya'yanka, ku ci tare, ku yi addu'a tare.

Na huɗu. Ka nemi mutum ɗaya da kaya ya yi wa nauyi. Kada ka ce, "In kina bukatar wani abu ki faɗa." Ba za ta faɗa ba. Ki ce, "Mama, ran Alhamis ni zan ɗauko yaran daga makaranta." Ka ce, "Ɗan'uwa, gobe ni zan kwana da Baba a asibiti, je ka kwanta." In kuma kai ne kayan ya danne, ka buɗe baki ka faɗa wa mutum ɗaya.

Mu sake bi tare. Mai haƙƙin da ya yi shiru, shi aka fi zalunta. Hutu umarni ne, ba lalaci ba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Kada ka ɗauka kai kaɗai.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu zauna a kan bashi da adashi: yadda ake shiga, da yadda ake fita lafiya. Ku zo da tambayoyinku.

Ubangiji ya sa albarka a sana'arku, ya ba gidajenku salama, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba mu barci mai daɗi. Ku huta lafiya. Sai mun sake saduwa.